Abin da Faranti Ya Ji

A bakin ƙofar tashar sauraron taurari akwai wani akwatin ƙarfe mai murfi. Duk wanda zai shiga, shugaba ne ko mai kawo ruwa, sai ya kashe wayarsa ya saka ta ciki, mai gadi ya rufe. Injiniya, mai kula da injinan wurin, da kansa ya sha yi wa baƙi bayanin dokar. Yakan nuna musu ƙaton farantin ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar kwarin, ya ce an gina shi ne don ya saurari raɗa daga taurari, ko akwai wasu masu hankali a can da ke neman wanda zai ji su. Waya guda a aljihu, in ji shi, tamkar mutum ne ya shigo da ganga ɗakin da ake sauraron numfashin jariri.

Ranar ma ya saka wayarsa a akwatin. Babbar. Ƙaramar tana cikin safarsa ta hagu, a kunne, ɗuminta na taɓa idon sawunsa.

Da safe matarsa ta ce bayanta na ciwo. Cikinta ya shiga watan haihuwa. Na farkon ya zube ne yana bakin aiki: maƙwabciya ta yi ta kiran wayar ɗakin gadi mai igiya, ita kaɗai ce lambar da aka ba iyalan ma'aikata, ba wanda ya ɗauka, mai gadin ya zagaya gyaran famfo. Sai da Injiniya ya tashi aiki ya ji labari. Ya same ta a gadon asibiti ta juya fuska ga bango, gashinta a warware, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sau da yawa yakan ji da ma ta yi.

"Tafi aikinka, Injiniya," ta ce masa da safen, tana dafe da ƙugu a bakin ƙofar kicin. "Kar mutanen sama su kira su ji ba kowa a gida."

Ya yi dariya don ta ga ya yi. Sannan ya jawo durowa ya ɗauko tsohuwar wayar nan da ta taɓa faɗawa bokiti aka gyara, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ya ce in wani abu ya taso, wannan layin za ta kira. Ta kalle shi, ta san dokar akwatin sarai, amma ba ta hana shi ba. Kallon nan nata ne ya raka shi har bakin ƙofar tashar.

Ɗakin sauraro yana hawa na sama, tagarsa na kallon farantin. Farfesa na zaune a kujerarta da ta loɓa da siffar jikinta, gilashi biyu rataye a wuyanta, ɗaya na karatu ɗaya na allo. Tun kafin a haifi Injiniya take wannan aikin, kuma ƙarshen shekarar nan za ta ajiye shi, idanunta sun fara gazawa. Ita ta ɗauko shi daga jami'a, ita ta tsaya masa lokacin da wasu suka ce ya yi ƙuruciya. A gefenta Dogo ne, mai tantance abin da farantin ya kwaso, ƙafafunsa a miƙe har ƙarƙashin teburin wani.

"Ga angon ƙarni mai jiran gado," in ji Dogo. "Yaya mai nauyin?"

"Da sauƙi."

"Ka gaishe ta, ɗana," Farfesa ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Zauna mu fara. Yau muna kan wani ƙaramin tauraro ja, ba wanda ya taɓa damuwa da shi."

Ya zauna. Dogo ya danna, allon ya cika da abin da ya saba cika da shi, tsaki-tsaki kamar an watsa yashi a kan baƙin zane. Shekaru suna kallon yashin nan. Injiniya ya fara duba zafin injinan, rabin hankalinsa na can cikin safa.

Dogo ne ya janye ƙafafunsa.

"Ranki ya daɗe, sa gilashin allo."

A tsakiyar yashin wani siririn layi ya fito, fari, miƙaƙƙe kamar zaren da aka ja. Ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, ya dawo, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. Taurari ba sa yin haka. Hayaniyarsu a baje take, ba ta da siriri.

Farfesa ta daɗe tana kallo. "Ba a inda wayoyi ke magana yake ba," ta ce a hankali. "Ba na jirgi ba ne, ba na tauraron ɗan adam ba. To, kar kowa ya yi rawar kai. Kawar da shi."

Wannan shi ne gwajin da suka fi yarda da shi. In an ji wani abu, sai a juya farantin daga kan tauraron zuwa sarari inda ba komai. In abin ya ci gaba, to daga ƙasa yake, wani inji ne ko wani mai gangancin. In ya ɓace, kuma ya dawo da aka mayar da farantin, to daga can yake. Sai dai tun da na'urar sakin birkin farantin ta ƙone, ba a iya juya shi daga sama. Dole Injiniya ya sauka ɗakin ƙarfe, wani ɗaki a ƙarƙashin ginin da aka lulluɓe bangonsa da ƙarfe don kar hayaniyar injinan ciki ta fita, ya saki birkin da hannu. Kuma saboda matakalar doguwa ce, ya saba zama a can har a gama aunawa, ya mayar da farantin, sannan ya hau gaba ɗaya.

Ya sauka, ya rufe ƙofa mai nauyi, ya ja hannun birkin. Ya ji gurnanin ƙarfe ta cikin tafin ƙafarsa. Jim kaɗan wayar bango ta yi ƙara.

"Ya ɓace," in ji Dogo, muryarsa ba wasa a cikinta, abin da Injiniya bai taɓa ji ba. "Tas. Mayar da shi ka taho."

Ya mayar, ya hau da gudu. Yana shigowa yana haki Dogo ya danna. Layin yana nan, fari, yana ƙwanƙwasawa.

Tsikar jikin Injiniya ta tashi har wuya. Ya tuna kansa yana yaro, kwance a kan rufin gidansu yana ƙirga taurari har ya rikice ya sake farawa, ya tuna littattafan da ya cinye a ɓoye a aji. A wannan lokacin ya manta da safarsa ɗungurungum, ya manta har da matarsa. Daga baya wannan mantuwar ma ta zama wani abin da zai ɗauka.

"Sake," in ji Farfesa.

Ya sake sauka. Ya rufe ƙofa, ya ja birki, ya jingina da bango mai sanyi yana murmushi shi kaɗai. Sai ya ce bari ya duba ko an kira. Ya durƙusa ya zaro wayar. A sama, kusa da taga, takan kama ɗigon sabis guda daga wani turken kamfanin waya a bayan tsauni, shi ya sa ma ya yarda zai iya samun kira. A nan ba komai. Ƙarfen ya tare ta, ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita.

Ba abin da ke fita.

Wayar bango ta yi ƙara. "Ya sake ɓacewa, ƙanena. Wallahi ya ɓace."

Ya tsaya da wayar a tafinsa, robar da ke ɗaure da ita ta yi danƙo da zufa. Ya san aikinsa, kuma aikin ne ya gaya masa sauran. Waya in ta yi nesa da turke takan ɗaga murya tana nemansa. Wannan kuwa da ta sha ruwa aka yi mata gyaran gefen titi, wa ya san ta inda muryarta ke yoyo. In farantin na kan tauraro, shi yana sama, wayar na kuka a bakin taga. In an kawar da farantin, shi yana cikin ƙarfe. Gwajin da suka fi yarda da shi, ba tauraron yake aunawa ba. Hawansa da saukarsa yake aunawa.

Babban yatsansa ya je kan maɓallin kashewa ya tsaya. In ya kashe, layin ba zai ƙara dawowa ba, kuma ba mai sanin dalili har abada. Zai zama abin da aka ji sau biyu aka rasa. Amma ya san Farfesa. Za ta rubuta shi, za ta kai shi taro, za ta ƙarar da ragowar ganinta a kan jan tauraron nan tana jiran a sake ƙwanƙwasawa. Kuma in ya kashe, matarsa ta kira fa?

"Kana barci ne a can?" in ji Dogo. "Mayar mana."

Ya mayar da wayar cikin safa, a kunne. Ya mayar da farantin. Ya hau matakalar a hankali kamar mai ɗauke da buhu.

Layin ya riga shi zama a allon, ko kuma tare suka iso. Farfesa ta miƙe tsaye, wayar tebur mai igiya a kunnenta. Tana magana da wani tsohon abokin aikinta da ke shugabantar wata tasha a ƙetaren teku, domin ƙa'ida ita ce ba a gaya wa duniya komai sai wani farantin dabam ya ji da kunnensa.

"Na san lokacin na wasu ne," take cewa. "Ka ba su haƙuri. Na taɓa roƙonka irin wannan? To, ka san ba zan fara da wasa ba." Ta saurara. "In tauraron ya fito muku. Na gode. Na gode."

Ta ajiye wayar. Ta zauna. Fuskarta ta sauya, kamar an wanke mata shekaru.

"To yanzu in baƙi ne da gaske," in ji Dogo, yana neman inda zai sa dariyarsa don kar ya yi kuka, "sai a share gida. Wa za mu tura ya yi musu sannu da zuwa? Don wallahi in aka tara shugabannin duniya a zaɓi mutum ɗaya, baƙin za su gaji su koma ba a gama faɗan kujera ba."

"Ba zuwa za su yi ba, sarkin surutu. Abin da muke gani ya baro can tun kakanninmu ba su san wutar lantarki ba. In muka amsa yau, sai jikokin jikokinmu su ji ko an ce madalla."

"Ashe gaisuwar surukai ce, daga nesa-nesa."

Ta yi dariya, dariya sosai, har ta cire gilashi ta share ido. Sannan ta juyo ga Injiniya, wanda ke tsaye a bayan kujerarsa ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗana, na ji ka yi shiru. Ka san abin da ya fi damuna duk shekarun nan? Ba abin da za su ce ba. Ko lissafi suka aiko, ko gaisuwa, ko tallan wani abu, ban damu ba. Ni dai in san wani ya kai inda muka kai, ya ƙera abin da zai iya ƙone kansa da shi, kuma bai ƙone ba. Ya rayu har ya samu sukunin ɗaga kai ya ce ko akwai wani. Shi ke nan saƙon. Ana iya tsallakewa." Ta nuna shi da gilashin. "Ɗanka ko 'yarka za ta buɗe ido a duniyar da ta san ba ita kaɗai ba ce. Ka yi tunani. Mu a gidan marayu muka girma, ita kuwa da dangi za ta zo."

Ya buɗe baki. Ya ji wayar a idon sawunsa kamar garwashi, tana ta kiran turken bayan tsauni, allon kuma na rubuta kowane kira da farin layi. Da tsawa Farfesa take yi masa, da ya iya faɗa. Amma tana kallonsa ne da irin idon da uwa ke kallon ɗan da ya fito da sakamako mai kyau.

"Farfesa," ya ce.

"Na'am."

"Ba komai. Ina taya ki murna."

Yana faɗa ya ji kamar ya tofa wa kansa yawu. Ta kama hannunsa ta matse, tafinta busasshe, mara nauyi.

"Mu, ɗana. Ba ni ba. Wa ke sakin birki?" Ta saki hannun ta mayar da gilashin. "Saura gwaji ɗaya mu cika ƙa'ida, kafin na ƙetare su kama. Sauka."

Ya kalli ƙofar. Ya san abin da zai faru in ya sauka: zai rufe ƙarfe a kansa, layin zai ɓace, Dogo zai buga tebur, ƙa'ida ta cika. Ba ƙarya zai yi ba, aikinsa kawai zai yi. Ƙafarsa har ta ɗaga.

"Dogo," ya ce, "wannan karon kai ka sauka."

"Ni? Da wannan tsawon? Ƙofar can ta tsane ni."

"Hannun birkin yana dama. Ka ja shi ƙasa ka riƙe har gurnanin ya tsaya. Don Allah, yaya."

Bai taɓa ce masa yaya ba. Dogo ya dube shi, ya dubi Farfesa. Ita ma shi take kallo ta saman gilashi, murmushin bai gama barin fuskarta ba, amma ya daina motsi.

"Je ka," ta ce wa Dogo.

Suka ji takunsa yana nisa, suka ji ƙofar ƙarfe ta rufu. Ta taga, farantin ya fara juyawa a hankali, inuwarsa na jan jiki a kan ciyawa, tsuntsayen da suka sauka a gefensa suka tashi. Ya tsaya yana kallon sararin da ba komai. Farfesa ta miƙa yatsa da kanta ta danna.

Yashi ya cika allon. Layin yana tsakiya, fari, yana ƙwanƙwasawa da ladabinsa.

Ba ta juyo ba. Injiniya ya durƙusa ya zaro wayar, ya ajiye ta a kan tebur kusa da hannunta. Ƙarama ce ƙwarai a wurin, da robarta da tsagaggen gilashinta.

"Yau ne kawai," ya ce. "Da safe ta ce bayanta... Wancan karon ba a same ni ba, Farfesa. Na ce ba zan..."

"Kashe ta."

Ya kashe. Layin ya ɗauke. Suka jira shi tare, duk da sun san ba zai dawo ba. Yashi kawai, daga wannan gefen allon zuwa wancan.

"Yaushe ka gane?"

Nan ma akwai ƙofar fita, ya gan ta a buɗe. "A sauka ta biyu," ya ce.

"Kafin in yi waya."

"Kina cikin yi na shigo."

"Amma kafin in yi maka wa'azin dangi."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan takalminsa, ya ji kunyar hawayen ma, don ba shi aka yi wa rashi ba.

Wayar bango ta yi ƙara, ta ɗauka. "Bar shi a nan, Dogo. Hau." Ta ajiye, ta jawo wayar tebur. Lambar a kanta take, amma sai da ta danna sau biyu, yatsanta ya kauce a na farko. Injiniya ya so ya ce ta bari shi ya yi bayani, ya ga ba shi da bakin.

"Ni ce kuma," ta ce. Muryarta daidai, kamar mai ba da rahoton ruwan sama. "Kar ka juya farantinka. Mayar wa mutane lokacinsu. Daga wajenmu ne." Ta saurara. "A'a, wata 'yar na'ura ce a cikin gini. Sakacinmu ne, ban bincika gida ba kafin in kira ka." Ta sake saurarawa, ta yi wata 'yar dariya. "Tsufa, me za ka ce. Ka gaida iyali."

Ba ta ambaci sunansa ba. Da ta ambata da ya fi masa sauƙi.

Dogo ya shigo yana murza goshi inda ƙofa ta buge shi, bakinsa ɗauke da wata tsokana. Ya ga allon, ya ga wayar a kan tebur, ya haɗiye tsokanar. Ya zauna a hankali ya naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin kujera.

Farfesa ta cire gilashin allo ta bar shi ya faɗa a ƙirjinta. Ta daɗe tana kallon taga, inda farantin ke fuskantar wofi.

"Matar taka, lafiyarta ƙalau da ka fito?" ta tambaya.

"Tana tsaye. Har tana tsokanata."

"To." Ta tura masa wayar da bayan yatsunta, ba ta ɗauke ta ba. "Dogo, rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ka rubuta kuma daga yau mai sakin birki ba ya zama a ƙasa lokacin aunawa. Sannan a mayar da faranti kan aikinsa, akwai taurari a layi."

Mayar da faranti na nufin a sauka. Jikin Injiniya ya juya ga matakala da kansa, kamar yadda ya saba.

"Ba kai ba," in ji Farfesa.

Ya tsaya.

"Kai tafi gida wurin matarka."

Ya nemi fuskarta ya ga ko tausayi ne ko sallama, amma ta riga ta mayar da gilashin, allon kawai yake gani a cikinsa. Dogo ya miƙe ya raɓa ta gefensa ya nufi matakalar, bai taɓa kafaɗarsa ba yadda ya saba. Injiniya ya ɗauki wayar ya fita da ita a hannu, a fili, inda mai gadi zai gani.